Sana'ar ƙirga kwaɗi da macizai a dausayi

Kamfanina ƙarami ne, aikinmu kuwa shine duk wanda zai yi gini ko titi ko zai janye ruwan dausayi, mu ake kira mu duba waɗanne kwaɗi da ƙadangaru da macizai da kififiya ke zaune a wurin tun kafin buldoza ta iso. Dausayin da muka fi shiga ba irin wanda rafi ke shayarwa bane, ruwan sama kaɗai yake sha, gansakuka ta lulluɓe shi, ruɓaɓɓen tsiro ya taru a ƙasa shekaru dubbai, a shekara da ƙyar yake ƙara kaurin milimita 1, in ka taka sai kaji ƙasar na lotsawa. Ruwansa tsami ne dashi sosai, shiyasa ƙwan kwaɗi da yawa baya ƙyanƙyashewa a tsakiya, a gefe-gefe muka fi samun talibambam.

Kwaɗi da kunne ake nemansu. Bayan an yi ruwa da dare mu tsaya shiru mu saurara, kowane jinsi da kukansa kuma maza ne ke yi, sannan mu haska tocila mu tabbatar. Macizai da ƙadangaru kuwa guntayen kwanon rufi muke shimfiɗawa mu barsu sati biyu ko fi, su saba shiga ƙarƙashi neman ɗumi, sai mu zo da safe kafin rana tayi zafi mu ɗaga, kuma ta ɓangaren nesa da ƙafarka ake ɗagawa. Yanzu har ruwa muke ɗiba a kai ɗakin gwaje-gwaje a nemi DNA, wato ƙwayoyin halittar da dabba ta bari a cikinsa, yana taimakawa amma baya gaya maka guda nawa ne.

Inda muke samun saɓani da masu bada kwangila shine lokaci. Mutum zai ce ka shiga yau gobe ka kawo rahoto, alhali lokacin da ya zo dabbobin duk sun ɓuya, toh wallahi bana sa hannu a takardar da tace babu komai don kawai na zaga sau ɗaya ban gani ba. Na rasa aiki saboda haka kuma ban yi nadama ba, don binciken duniya na 2023 ya nuna kusan kashi 41 cikin 100 na jinsin kwaɗi da danginsu na fuskantar barazanar ƙarewa, ta yaya zan share wuri da biro?

Yarana sun san dokata, takalmin roba da raga da bokiti sai an wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a shiga wani dausayin, saboda akwai cutar fata mai suna kitirid da ta kashe kwaɗi birjik a nahiyoyi da dama, kuma a laka take bin takalmi. Wanda bai wanke ba a mota zai jira mu.