Yunit 24 da na kwasa a semistata ta farko

Ranar da aka buɗe mana rajistar kwasa-kwasai a shekarata ta farko a jami'a, wallahi ji nayi kamar an sake ni a fili babu mai tsawatarwa, duk kwas ɗin da na gani sai na danna. Dokar sashenmu tace mafi ƙaranci yunit 15 mafi yawa 24, ni kuma nace a raina ai wanda ya ɗauki 15 rago ne, sai na cike 24 cif, har da kwas biyu na zaɓi da babu wanda ya ɗora min, ɗaya ma don abokina ya ɗauka ne kawai na bi shi.

Lissafina a lokacin shine a sakandare kusan awa 30 muke zama a aji duk sati, to mene ne awa 24? Da na kai fom ɗin wurin malamin da ke duba rajistar 'yan aji ɗaya ya kalli takardar ya kalle ni yace, "Kai yaro wa ke bin ka?" Nace, "Malam zan iya in sha Allahu." Yace to Allah ya ba da sa'a, ya sa hannu. Bai ja maganar ba, nima ban tambaye shi me yake nufi ba, da na tambaya da na huta.

Abun da ban gane ba shine yunit ba awar zaman aji kaɗai yake nufi ba. A yawancin jami'o'i yunit ɗaya yana nufin lakca ta awa ɗaya a sati na tsawon semista, wajen sati 15, amma ana ƙaddara cewa kowace awa ɗaya a aji tana da kamar awa biyu na karatun da zakayi da kanka. A Amurka haka ma ma'anar take a hukumance. A Turai kuwa tsarinsu na ECTS ya fito da abun ƙarara, kiredit 60 ne a shekara kuma kowane ɗaya aikin awa 25 zuwa 30 ne, kaga awa 1,500 zuwa 1,800 kenan a shekara. To ɗauki 24 ɗina ka ninka sau uku, awa 72 a sati. Satin gaba ɗaya awa 168 ne, cire 56 na barci idan kana samun awa takwas, saura 112, a ciki zakayi ibada, wanka da wanki, zirga-zirga, jiran lakcaran da ya makara, ga waya kuma wadda kowa ya san nawa take ci. Awa 72 sama da awa goma ne kullum har Asabar da Lahadi, kuma ni ban taɓa zama nayi wannan lissafin ba sai da aski ya zo gaban goshi.

Wani abun kuma da ya fi ci min rai, yunit ɗin ma ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai furaktikal mai yunit ɗaya tak a takarda, amma awa uku muke tsayuwa a lab, ka dawo kuma ka rubuta rahoto da zane da lissafi wanda shima sai ya cinye maka yamma guda. Akwai wani kwas mai yunit biyu da idan ka halarci lakca ka karanta not sau biyu ka gama da shi. Sannan ga lissafi mai yunit uku, shi wannan baya karɓar hadda, kowane sati an ɗora shi ne kan na baya, idan ka sha ruwa a sati na uku to na huɗu ji zakayi kamar da wani yare ake magana. Ni kuma na haɗa masu irin wannan nauyin har guda huɗu a semista ɗaya ina ganin lambobi ne kawai ake tarawa.

Sati biyun farko komai lafiya, har ina yiwa masu yunit 18 dariya. A lokacin ne kuma ƙofar ajiye kwas ko ƙara wani take buɗe, na san da ita sarai, kunya ce ta hana ni, wai kar ace na gaza tun ba a je ko'ina ba. Zuwa sati na shida na bakwai sai tes suka fara zubowa, uku a kwana biyu, ga asamen ga rahoton lab, sai na koma karatun kashe gobara, duk wanda za a yi gobe shi nake karantawa yau cikin dare. Lissafin da ke buƙatar a taɓa shi kullum shi na dinga turawa gaba tunda tes ɗinsa da saura. Ba a tauna taura biyu a lokaci guda, ni kuwa wajen tara na cusa a baki.

Sakamako ya fito na faɗi lissafin. Ga yadda abun yake cizo, GPA, wato matsakaicin makinka na semista, ana samunsa ne idan aka ninka makin kowane kwas da yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi wa rajista. A ma'aunin da A take 5, B take 4, F kuma sifili, a ce ka samu B a yunit 21 ka faɗi mai uku, 84 kenan a raba da 24, ka tashi da 3.50. Wanda ya ɗauki 18 ya samu B duka yana da 4.00 kuma yayi barcinsa. Ni ko B ɗin ma ban samu a duka ba, C sun fi yawa.

Kuma faɗuwar bata tsaya a nan ba, don wannan lissafin sharaɗi ne na shiga wani kwas na gaba, sai ka ci shi ake barinka. Kari-oba kuma, wato kwas ɗin da ka faɗi zaka maimaita, idan ta biyo ka shekara ta biyu cikin 24 ɗin nan take zama, ta ture wani kwas, lokacin lakcarta yayi karo da na ajinka, kana tsaye kana tunanin wanne zaka shiga.

Kar wani ya fahimce ni ba daidai ba, ɗaukar kaɗan sosai ma da nashi ciwon. Idan digirinka yunit 120 ne a shekara huɗu, to 15 ne a kowace semista, kana yin ƙasa da haka bashi kake tarawa wa ƙarshe, kuma wasu masu ba da tallafin karatu suna da iyakar da ba sa yarda ka sauka ƙasa da ita. Akwai kuma sassan da kusan duk kwasa-kwasan aji ɗaya dole ne, babu zaɓi, su nasu tsarin a rabon awoyi yake. Mai aiki ko mai iyali kuwa 112 ɗin nan tashi ba irin ta saurayin da ke kwana a hostel bace, shi ya san nawa ta rage masa.

Semista ta biyu kafin in taɓa fotal, wato shafin rajista, sai da na zauna da takarda da biro. Na fara da na dole, na duba wanne ne sharaɗin wani, na yarda da masu nauyi biyu kacal, na tsaya a 18. Na daina tambayar siniyoyi "kwas ɗin nan da sauƙi?" don kowa da kansa yake aunawa, sai dai in ce asamen nawa ake bayarwa, tes nawa, awa nawa yake ci maka a sati. Duk awar da na ƙiyasta kuma sai in ƙara mata rabinta, don na gano ni mutum ne mai yiwa kansa ƙarya wurin lokaci, ashe ma ba ni kaɗai bane, tun 1979 masana halayyar ɗan Adam Kahneman da Tversky suka yi bayanin yadda mutane ke raina lokacin da aiki zai ɗauke su. Na kuma bar yamma biyu a sati babu komai a ciki, abokina yace asara ce. A sati na tara zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu, da waɗannan yammacin na cike giɓin ban rasa tes ko ɗaya ba.

Da shekara ta zagayo na je sa hannu kan fom ɗin da ke ɗauke da kari-obar lissafin, sai na tarar malamin nan ne dai a ofis. Ya duba sunan ya ɗago kai yace, "Ɗan 24 ne ko?" Nace, "Ni ne Malam." Ya ƙirga yunit ɗin da bakin biro, 19 har da kari-obar, ya sa hannu ya miƙo min yace in turo na bayana.