Biliyan 8, amma babu mai irin yatsanka

Jiya da dare na buɗe wani shafi a intanet mai ƙirga yawan mutanen duniya kai tsaye. Kafin ka ƙifta ido lambar ta canza, an haifi wasu. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Ranar 15 ga Nuwamba 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mun kai biliyan 8. Ku duba fa, sai wajen 1800 aka cika biliyan ɗaya, amma daga biliyan 7 zuwa 8 shekara 11 kacal aka ɗauka. Rigakafi, magunguna da tsaftataccen ruwa sun sa yara da yawa suna tsallake ƙuruciya.

Duk da wannan taro, ba a taɓa samun mutum biyu masu zanen yatsa iri ɗaya ba, ko da tagwaye ne masu kama ɗaya. Harsunan da muke magana da su kuwa sun kai kusan 7,000. Shi ya sa raina ke ɓaci idan mai labarai ya ce "mutum kaza sun rasu", ya zarce labarin ƙwallo, ko sunan mutum ɗaya bai ambata ba.