Asabar, Agege: Akoka ko jami'ar kuɗi

Da sassafe na raka Auta ganin wata jami'ar kuɗi can bayan gari. Sakamakon JAMB ɗinta ya yi kyau, ta kuma rubuta jarrabawar tantancewa ta UNILAG, wato Jami'ar Legas da ke Akoka, amma har yanzu sunayen ba su fito ba, ita kuwa Umma ta ƙagu. Danfo biyu da keke muka hau kafin mu isa.

Gaskiya wurin ya tsaru. Ajin da aka nuna mana kujerunsa ba su fi talatin ba, kowane tebur da kwamfutarsa, ga sanyin na'ura har Auta tana jan hijabi. Matar da ta zaga da mu ta ce malami kan san kowane ɗalibi da sunansa, kuma ba mai fita ƙofa sai da takardar izini. Na lura Auta ta tsaya tana shafa allon wata kwamfuta da ɗan yatsa, tana zaton ban gani ba. Da za mu fito aka miƙo mana takardar kuɗin makaranta. Na ƙirga sifilin sau biyu, na ninke ta na sa a aljihu.

Bayan Magariba aka baje a tsakar gida. Umma ce ta fara: "Alhaji, shekara huɗu shekara huɗu ce a can. Ba yajin aiki, ba zaman jiran gawon shanu." Ba ta faɗi ƙarya ba. A 2020 ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi wajen wata tara tana yaji, a 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu har tsakiyar Oktoba. Ni ma ya rutsa da ni. Maganar takardar izinin fita kuwa ta yi wa Baba daɗi ƙwarai, har ya sa na maimaita masa.

To amma a wancan zaman na 2022 Baba ya ɗora ni kan littafin lissafinsa na cinikin albasa a kasuwar Mile 12, kuma abin da na gani a ciki shi ya hana ni yin shiru yau. Albasa ba ta da alkawari. Wata rana mota ta iso daga Aliero buhu ya yi tashin gwauron zabo, wata rana ta kwana uku a hanya cikin damina, a buɗe a tarar rabi ya ruɓe. Kuɗin shekarar farko Baba zai iya, ko da an sayar da filin Kano. Ta biyu fa? Ta uku? Ga yara maza biyu a sakandare suna tahowa. Yajin aiki jinkiri ne, kowa da kowa yake shafa, a dawo a ɗora. Wanda kuɗi ya yanke masa a aji uku kuwa shi kaɗai yake komawa gida.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni dai Akoka nake gani." Na kawo masa abin da na sani. Jami'ar tana nan tun 1962, duk inda ka kai takardarta a ƙasar nan ba sai ka yi bayani ba. An ƙara kuɗinta a 2023 har ɗalibai suka yi zanga-zanga, duk da haka ko kusa da na takardar aljihuna bai kai ba. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ba ruwa a cikinsa, kuma na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Sannan ga jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a nan Agege, yana tsayawa a Yaba, idan ba ta samu gado a hostel ba ta riƙa zuwa daga gida. Akwai masallaci a ciki, akwai 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN.

Umma ta ce cunkoson fa, yarinyar da ko a gida sai an matsa take buɗe baki? Nan kam ban da amsa mai ƙarfi. A babban ɗakin lacca na aji ɗaya, wanda bai yi sammako ba a tsaye yake, ba kuma mai neman ka idan ka ɓace.

Sai a lokacin Baba ya juya: "Ke Auta, ba ki ce komai ba." Ta ce duk abin da ya zaɓa mata. Da za ta shiga ɗaki ta raɓa ta gefena, a hankali ta ce, "Yaya, ai da ka bari na yi mafarkina ko na kwana ɗaya."

Baba ya ce kowa ya yi istihara, ba za a biya ko kwabo ba sai sunayen Akoka sun fito. Ya kuma ce gobe bayan Azahar in ɗauko littafin bara da na bana mu zauna, ni da shi kawai.