Abincin da na ci a bayan kicin a Roses

Matar ƙanena ce ta haihu shi yasa na je Sifen, kuma wallahi da zan tafi ba abinda ya fi damuna irin abinci, don kowa ce min yake ƙasar alade ce ki yi hattara. Har na cusa yaji da daddawa da busasshiyar kuka a akwati. Daga Abuja muka tashi, muka sauka Istanbul, sannan Basalona. Ƙanen nawa ya zo ya tarye ni a filin jirgi, muka hau jirgin ƙasa daga tashar Sants zuwa Figueres, daga nan kuma bas zuwa Roses, wani ɗan gari a bakin teku can arewa maso gabas dab da iyakar Faransa, inda yake aiki a wani gidan abinci. Gajiya kam na sha ta. Abinda na fi tunawa a hanyar shine itatuwan zaitun da gonakin inabi, da wata iska mai ƙarfi da ta tarye mu muna sauka daga bas har sai da na riƙe mayafina da hannu biyu, yace min Yaya wannan ita ce tramuntana, daga duwatsu take gangarowa, idan ta tashi sai ta yi kwanaki.

Bayan suna da kwana biyu yace in zo in ga wajen aikinsa, ya riga ya nemi izini. Muka shiga ta ƙofar baya wajen sha biyun rana. Su mutanen can basa cin abincin rana sai ƙarfe biyu, na dare kuma tara ko goma, toh ma'aikata dole su ci nasu kafin a buɗe ƙofa, don da zarar baƙi sun fara shigowa ba mai sake zama. Wannan abincin na ma'aikata suna ce masa comida de familia, wato abincin iyali. Naga an haɗa tebura biyu, babban kuku ya zauna, mai wanke-wanke ya zauna kusa dashi, 'yan matan da ke kai wa baƙi abinci, wani ɗan Maroko, wani ɗan Gambiya, kowa da farantinsa daga tukunya ɗaya. Gaskiya abin ya taɓa min zuciya, don na san gidaje da yawa a wajenmu da mai aiki sai an gama ake miƙa masa ƙanzo.

Ranar adas suka dafa, ɗan ƙaramin waken nan mai faɗi da wadda ta taɓa zuwa Makka ta san shi, da karas da dankalin turawa a ciki. A al'adarsu da chorizo ake yin sa, wato tsiren alade da ake durawa a hanji, amma saboda musulmin da ke cikinsu kukun baya sakawa, sai ya zuba garin jan tattasai da aka busar da hayaƙi, pimentón, shi yake bada wannan ƙanshin. Ni dai sai da na tambaya sau biyu, ƙanena yace Yaya ki ci, da idona naga an ɗora. Ba nama ko yanka ɗaya amma na cinye na ƙara.

Sai burodin. Wata yarinya ta gasa shi sama-sama, ta goga masa ƙwayar tafarnuwa, ta raba nunannen tumatir biyu ta dinga murza shi a jikin burodin har ya rage ɓawo kawai a hannunta, ta tsiyaya man zaitun ta barbaɗa gishiri. Shikenan. Pa amb tomàquet suke ce masa da Katalan, yaren mutanen yankin. Na ɗauka na gutsura, ruwan tumatirin ya jiƙa saman, ƙasan kuma yana ƙaras-ƙaras.

Amma abinda na tsaya na koya da gaske tortilla ce, wainar ƙwai da dankali. Washegari na koma musamman na tsaya a gefen kukun, ƙanena yana fassara min. Ya fere dankalin turawa ya yanka shi falle-falle siri-siri, da albasa, ya zuba a man zaitun mai yawa har ya rufe shi, wuta can ƙasa. Ni da na saba suyar dankali sai ya yi ja na miƙa hannu zan ƙara wutar, ya girgiza kai. Ba so ake ya soyu ba, so ake ya yi laushi a cikin man kamar dafuwa, wajen minti ashirin. Ya tsame ya tace man ya ajiye don gobe, ya juye dankalin da zafinsa cikin kaɗaɗɗen ƙwai da gishiri, ya bar shi kamar minti goma dankalin ya sha ƙwan. Sannan ya zuba a kasko da ɗan mai kaɗan. Da ƙasan ya kama sai ya kifa faranti a kai, ya dafe da tafin hannu ya juya kaskon gaba ɗaya lokaci guda, ya zame ta ta koma ciki. Kaurinta ya kai yatsu biyu, cikinta da ɗan danshi. Ana cikin ci gardama ta ɓarke kan ko ya kamata a sa albasa ko kar a sa, ashe tsohuwar gardama ce a ƙasar gaba ɗaya. Ni dai ina bayan masu albasa, in babu ita zaƙin nan baya fitowa.

Akwai kuma sofrito da suke yi da yawa su ajiye a firji, albasa da tafarnuwa da tumatir a soya a hankali har su yi duhu su haɗe. Ina gani nace ai wannan soyayyen kayan miyanmu ne, attaruhu kawai ya rasa. Da shi suke fara shinkafa, da shi suke fara miyar kifi, shi yasa abincin mutum goma sha biyar baya ɗaukarsu awa guda.

Ranar hutun ƙanena ya ari mota ya kai mu Cala Montjoi, wani lungun teku bayan Roses, hanyar siririya ce tana ta lanƙwasa a jikin dutse, ga teku can ƙasa shuɗi shar, ina ta salati. A nan elBulli yake, gidan abincin shahararren kukun nan Ferran Adrià wanda sau biyar ana zaɓensa na ɗaya a duniya, aka rufe shi a watan Yulin 2011, yanzu tun 2023 ya zama gidan tarihi. Bamu shiga ba, daga waje muka tsaya. Ƙanena yake gaya min a wannan wajen da masu kuɗi ke neman kujera su rasa, ma'aikata wajen 75 ne suke zama tare kullum kafin aiki su ci abinci irin wanda na ci a bayan kicin ɗinsu, taliya, shinkafa, kifi, wake, har mutumin ya tattara girke-girken ya fitar da littafi a shekarar da aka rufe. A ciki ma akwai tortilla da ake yi da soyayyen dankalin leda na kanti, a jiƙa shi a ƙwai a soya, don ranar da ba lokaci. Matar ƙanena ta yi mana ita a daren, tana goye da jaririya, ko minti goma bata yi ba.

Da zan dawo kwalbar man zaitun biyu na saka a akwati da gwangwanin pimentón uku, na bar musu kukar da daddawar. A gida man zaitun yayi tsada a ce za a nutsar da dankali a ciki, toh da man gyaɗa nake yin tortillar, da dankalin Jos, sai in ɗiga na zaitun kaɗan a ƙarshe. Ranar farko da na gwada bayan la'asar, yarinyar da ke taya ni aiki ta ɗauki nata zata wuce kicin nace a'a dawo nan ki zauna, ta tsaya tana kallona, na matsa mata a tabarma. Autana kuma ya ɗebo yaji ya barbaɗa a tasa yace Umma gobe ma ita za ki yi mana.