Wasiƙa daga Italiya: yinin da muka yi a bakin tekun Kamolyi

Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya ɗawainiya, ya kuma damina. Mu nan Jenowa alhamdulillahi sai dai zafi, don watan Agusta a Italiya gari kusan wayam yake zama, shaguna da yawa a rufe an manna 'yar takarda a ƙofa cewa an tafi hutu, musamman makon 15 ga wata da suke kira Ferragosto, ranar hutu ce a ƙasar gaba ɗaya kuma kusan kowa in bai hau duwatsu ba to bakin ruwa ya nufa. Wurin aikinmu ma an rufe, shi ne wani ɗan uwa ɗan Damagaram da muke unguwa ɗaya ya ce mu ɗauki maman yaransa da yaran mu je wani ƙaramin gari, a allon tasha Camogli aka rubuta, a baki kuma Kamolyi ake cewa. Tun da muka dawo abin da na gani a can yake ta yi min yawo a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto muku.

Tafiyar ba ta da nisa, daga tashar Brignole kusan rabin awa ne a jirgin ƙasa, jirgin yana ta kutsawa cikin ramukan dutse yana fitowa, duk fitowa ka hango teku ta taga. In tikitin takarda ka saya ka tabbata ka buga shi a 'yar na'urar nan ta tasha kafin ka hau, in ba haka ba tara ce.

Garin ɗan ƙarami ne, mutanensa ba su wuce dubu biyar da wani abu ba, kuma a jikin dutse aka kafa shi, daga tasha sai ka yi ta gangara matakala har ka isa ruwa. Gidajen bakin ruwan dogaye ne sosai, hawa shida hawa bakwai, a manne da juna, wannan ja wannan rawaya wannan ruwan goro, kuma sai ka matso kusa sannan ka gane wasu tagogin ma ba tagogi ba ne, zana su aka yi da fenti har da inuwarsu. Ana cewa launukan don matuƙin jirgi ya iya hango gidansa tun daga cikin teku ne. A can ƙarshe kan wani dutse da ya shiga ruwa akwai cocinsu da tsohuwar ganuwa, bayan su kuma ƙaramar tashar kwale-kwalen masunta, nan za ka ga dattawa zaune suna gyaran taru. A jikin wani bango mun ga an rataye wani tsohon kaskon suya wanda faɗinsa ya kai wajen mita huɗu, ashe tun 1952 suke bikin kifi duk ranar Lahadi ta biyu a watan Mayu, a soya kifi a cikin irin wannan kasko a bakin tashar a raba wa jama'a.

Bakin tekun kansa ba rairayi ba ne, tsakuwa ce baƙa-baƙa mai santsi, kuma in rana ta take wallahi ba ka iya taka ta da ƙafa ba takalmi, don haka mai zuwa ya zo da takalmin roba. An raba wurin gida biyu, akwai ɓangaren 'yan kasuwa inda aka jera laimomi da kujerun kishingiɗa layi-layi, sai ka biya kuɗin yini guda kuma kuɗin da kauri, sannan akwai ɓangaren kowa da kowa inda za ka shimfiɗa tawul ɗinka kyauta in ka samu wuri, don cunkoso ake sosai. Mu nan muka zauna. Ni dai a ganina bai dace a ce wuri mafi kyau na bakin ruwan da Allah ya halitta sai mai kuɗi ba, kuma su kansu Italiyawan suna ta jayayya a kan wannan shekara da shekaru.

Na san abin da wasunku za su fara tambaya, maganar sutura. Gaskiya ne, shigar da ake yi a wurin ba irin tamu ba ce ko kaɗan, mutum sai ya kame idonsa, kuma wanda ya ga zuciyarsa ba za ta natsu ba to ya zo da sassafe ko ya bari sai kaka in mutane sun ragu. Amma ba wanda ya takura mana, maman yara da doguwar rigarta da mayafinta ta zauna ƙarƙashin laima, ga wata Balarabiya can gefe ta shiga ruwa da kayan iyo masu rufe jiki duka, ba wanda ya ce mata kanzil. Da azahar ta yi muka yi alwala a famfo muka samu wani lungu mai inuwa muka yi sallarmu ɗaya bayan ɗaya.

To abin da ya tsaya min a rai shi ne yaran Italiyawan da ruwa. Tekun nan ba ya ja da baya a hankali, taku kaɗan za ka yi ƙasa ta kuɓuce maka, amma sai ka ga yaro ɗan shekara biyar ko shida ya faɗa ciki yana iyo hankalinsa kwance, ƙanana kuma an sa musu robar iska a damatsa uba na riƙe da su yana cewa buga ƙafa, buga ƙafa, yana saki yana kamawa. Wata tsohuwa da ta haura saba'in ta shiga ta yi iyo har wajen robobin da aka ɗaura a ruwa don nuna iyakar da kwale-kwale ba ya wucewa, ta dawo ta zauna tana ɓare lemo. Yaran abokina kuwa suna tsaye ruwa iya idon sawu, babbar ta ce “Baffa mu ma za mu shiga”, uwarsu ta ce a'a ku dawo nan, kuma tana da gaskiya, don a cikinmu manya uku babu wanda zai iya ciro yaro in ruwa ya ja shi.

Ga kuma mai gadin ruwa, bagnino suke ce masa, saurayi ne da jar riga da usur a wuya, zaune kan doguwar kujera, ƙaramin jan kwale-kwalensa na gefe a shirye. Ba ya hira ba ya danna waya, idonsa na kan ruwa. In teku ya tashi sai a ɗaga jar tuta, kowa ya san ma'anarta har yara. Kuma ba haka kawai ake ɗaukar mutum a ɗora shi kan kujerar ba, sai ya yi horo ya ci jarabawa an ba shi takarda, ƙungiyar da ta daɗe tana wannan horon ma a nan Jenowa aka kafa ta tun 1871. Akwai lambar waya ta musamman ta masu gadin gaɓar teku, 1530, duk wanda ya ga wani cikin hatsari a ruwa ita zai kira.

Kada ku ɗauka wai ruwan ne yake jin tausayinsu. Mutanen garin nan teku ya ci musu maza ba adadi, don a ƙarni na 19 suna da ɗaruruwan jiragen ruwa masu tafiya da iska da ke yawo duniya, har ake yi wa garin kirari da garin fararen jirage dubu, kuma jirgi yakan tafi bai dawo ba. Abin da suka yi shi ne ya burge ni, a 1853 masu jiragen suka haɗa wata inshora ta junansu, kamar adashi dai, kowa ya zuba, wanda jirginsa ya nutse a haɗu a tallafa masa kada gidansa ya durƙushe. Suka buɗe makarantar koyon tuƙin jirgin ruwa wadda har yau tana nan tana yaye ɗalibai, suka kuma gina gidan da tsofaffin ma'aikatan jirgi za su ƙarasa rayuwarsu a ciki suna kallon tekun. Har yanzu ma bai bar su ba, a watan Fabrairun 2021 gefen dutsen da maƙabartarsu take kai ya zaftare, akwatunan gawa wajen 200 suka zuba ƙasa, da yawa cikin teku.

Da rana muka nemi abinci. Abin da aka san yankin da shi wani burodi ne mai faɗi da man zaitun da gishiri, fokaca, sai kuma na garin Rekko da ke maƙwabtaka, shi siriri ne ƙwarai an zuba cuku a tsakiya ana cinsa da zafinsa, yara sun cinye nasu sun ƙara. Amma a yi hattara, wasu masu gashin burodin suna sa kitsen alade a cikin fokaca, strutto suke kiransa, ka tambaya kafin ka saya za su gaya maka gaskiya. Akwai kuma wani kek da garin ya yi suna da shi wanda ake sa wa giyar rum, shi ma a kiyaye. Soyayyen ƙananan kifi a ƙunshin takarda da lemon tsami kuwa ba matsala, sai askirim a kai.

Muna cikin ci sai ga wani yaro baƙi ɗan uwanmu da tulin tawul da tabarau a kafaɗa yana bin tsakanin mutane yana talla, irin su suna da yawa a bakin tekun Italiya, 'yan Senegal da 'yan Bangaladash da sauransu, suna yini a rana suna takawa. Ya ji muna Hausa sai ya tsaya ya ce sannunku, ina kwana. Ɗan Gambiya ne, Hausar a Agadas ya tsince ta lokacin da ya zauna jiran motar Libiya. Abokina ya ce zauna ƙanena ka sha ruwa, ya zauna ya sha, muka ɗan taɓa hira, a nan yake ce mana shi tun da ya sauka daga jirgin robar da ya tsallako da su bai ƙara sa ƙafarsa a teku ba, kuma ranar da suka taso kusan duk cikinsu ba mai iya iyo. Wannan Bahar Rum ɗin da yara ke wasa a ciki shi ne dai wanda a ranar 3 ga Oktoban 2013 ya ci mutum 368 daf da tsibirin Lampedusa, suna hango ƙasa da idonsu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Daga nan tunanina ya koma gida. Na tuna Bagwai a ƙarshen Nuwambar 2021, jirgin da ya kife a madatsar Watari da 'yan Islamiyya da za su je Mauludi, aka rasa mutum 29 ko fiye yawancinsu yara ƙanana, na tuna na Warra a jihar Kebbi a shekarar, da waɗanda muke ji duk damina a kogin Kwara, da yaran da kududdufi ke ci a unguwanni. Mun yarda kowa da ajalinsa, amma lodin da ya wuce ƙima da rashin rigar ceto da rashin iya iyo duk abubuwa ne da ke hannunmu. Kuma ba wai ba mu da masana ruwa ba ne, wanda ya taɓa ganin Kabawa sun faɗa kogin Matan Fada a bikin Argungu ya san muna da su, ga Sarkawa, ga Sarkin Ruwa a garuruwa da yawa, sai dai ilimin ya tsaya a gidajen da suka gada, sauran yara kuma abin da muke koya musu kawai shi ne kada ka je bakin ruwa, su kuma sai sun je, a ɓoye, inda ba babba ko ɗaya. Ga maganar nan da ake jinginawa Sayyidina Umar cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, kowa ya haddace ta, amma Islamiyya nawa ce take da ranar da za a kai ɗalibai wurin masunta su koya?

Da la'asar muka hau jirgin ruwan da ke kai mutane San Fruttuoso, wani ɗan lungu ne da mota ba ta zuwa, sai ta ruwa ko a ƙafa ta kan dutse, akwai tsohon gidan ibadar Kirista a bakin ruwan, kuma a ƙarƙashin tekun wajen mita 17 sun ajiye wani mutum-mutumin tagulla tun 1954 don tunawa da waɗanda ruwa ya ci. Ni abin da na lura da shi a jirgin, da adadin mutanen da aka yarje masa ya cika sai ma'aikacin ya ja igiya ya tare hanya, sauran suka tsaya jiran na gaba, ba roƙo ba cacar baki, an kuma rubuta inda rigunan ceto suke kowa na gani.

A hanyar dawowa cikin jirgin ƙasa yara sun yi barci, maman yara da kanta ta ce Malam in an buɗe wurin iyo na unguwa a watan Satumba a sa yaran nan, mata da maza, ya ce in sha Allahu har da shi kansa, ni ma na ce a rubuta sunana don akwai ajin manya da yamma. Mun kuma yi magana da wasu 'yan uwa a nan za mu haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa a sayi rigunan ceto a kai wa masu fito a mashigi ɗaya tukunna, don haka in a cikinku akwai wanda ya san mashigin da yara 'yan makaranta ke tsallakawa kullum a kwale-kwale, ko a Kano ko Kebbi ko Neja ko wajen Gaya ta Nijar, kuma ya san dattijon da za a damƙa wa amanar kayan ya tabbatar ana sa su, don Allah ya aiko mana da labari kafin damina ta ƙare.

A gaida iyaye da malamai, a sa mu a addu'a.

Naku, daga Jenowa.