Bayan an ce “ku koma da shi gida”

A Garwa, a arewacin Kamaru, idan likita ya ce wa dangi su koma da mara lafiyarsu gida, kowa ya san abin da ake nufi. Daga nan ne ake kiran wayata, don aikinmu jinyar marasa lafiya ne a gidajensu. Mu huɗu ne: ni da na daɗe ina aikin jinya a asibiti, 'yan mata biyu da na horar, sai yaro mai babur da ke kai mu unguwannin Yelwa, Fulɓere, Rumde Ajiya, duk inda aka nema.

Yawancin masu jinyarmu manya ne masu ciwon daji, na hanta ko na mama ko na bakin mahaifa, sai waɗanda ɓarin jiki ya shanye. Ba na yi wa kowa alkawarin warkewa. Abin da nake sayarwa shi ne mutum ya samu barci, jikinsa da tsabta, iyalinsa su san yadda za su taɓa shi.

Maganin zafi muna bin matakai uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986: farasitamol, sai tiramol da ire-irensa, sai mofin idan ciwo ya kai maƙura. Likita ne ke rubutawa, mu mu kula da lokaci. Mofin na sha duk bayan awa huɗu ne, kuma sai an haɗa da mai sassauta ciki, don yana ɗaure bayan gida. Samun mofin wuya, kuma dangi na tsoronsa. Tiramol kuwa, kun san halin samarinmu da shi. Shi ya sa nake barin maganin a akwati mai kwaɗo, mabuɗi a hannun uwargida.

Amma abin da ya fi cin mana lokaci gyambon kwanciya ne. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, mutane kuma su shimfiɗa wa mara lafiya leda don kada katifa ta ɓaci. Zufa ta taru, fata ta saɓule. Sai in ce a ɗora tsohuwar atamfa mai laushi a kai, a riƙa juya shi duk awa biyu, har da dare.

Sai rigimar abinci. Na taɓa tarar da wata dattijuwa tana ɗura wa mijinta kunu, yana ƙwarewa, tana kuka.

Na ce, “Inna, ajiye ludayin. Haɗiya ta gagare shi, kunun zai tafi huhu ne.”

Ta ce, “'Yar nan, in bar Malam da yunwa?”

Na jiƙa auduga da ruwan randa, na nuna mata yadda za ta goga masa a leɓe da harshe. Ta karɓa ta ci gaba da kanta, tana yi masa kalmar shahada a hankali. Bayan sadakar bakwai ɗanta ya kawo min sauran kuɗina, da akwatin, da mabuɗin ƙulle a bakin wani ƙyalle.