Godiya ga waɗanda suka riƙe hannuna a fim ɗina na farko

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, fim ɗin da wasunku suka ji labarin na shiga ya kammala. An gama ɗauka, an gama tacewa, har an kira mu mun kalla tare kafin a sake shi. Tun da na fito daga ɗakin kallon nake jin nauyin bashin godiya a wuyana, kuma Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, don haka na ga bai dace in biya shi a ɓoye ba. Ba zan kama sunan kowa ba tunda ban nemi izininsu ba, amma kowa zai gane kansa.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, ni malamin makaranta ne. Iyakar sanina da harkar wasa shi ne wasan kwaikwayon da muke shiryawa da ɗalibai a kan dandamali in zango ya ƙare. Ban taɓa tsayawa gaban kyamarar fim ba. A haka aka ɗauko ni aka ba ni matsayin mahaifin jaruma, dattijon da ciwo ke ci a hankali yana ɓoye wa 'yarsa.

Ranka ya daɗe darakta, da kai zan fara. Ranar da na faɗa maka tsorona, cewa ɗan koyo zai iya ɓata muku aikin da kuka zuba dukiya da lokaci a kai, ba ka lallashe ni da daɗin baki ba. Labari ka ba ni na Vittorio De Sica, daraktan Italiya, wanda a 1948 ya ɗauko wani ma'aikacin masana'anta mai suna Lamberto Maggiorani, mutumin da bai taɓa fitowa a fim ba, ya ɗora masa babban matsayi a fim ɗinsa mai suna Bicycle Thieves, kuma har yau ana lissafa wannan fim cikin manyan finafinan duniya. Daga nan ka zauna ka koya mini abin da ya raba dandamali da kyamara. A dandamali dole wanda ke kujerar ƙarshe ya ji muryarka, ya hangi motsin hannunka. Ita kuwa kyamara in ta matso, ko ƙiftawar ido ba ta tsere mata. Ina tuna yadda ka sunkuyo kusa da kunnena, ba tare da kowa ya ji ba, ka ce, "Malam, kada ka nuna mini baƙin ciki. Ka tuna abin a ranka kawai, sauran ka bar wa kyamara." Ba ka taɓa gyara mini abu da tsawa a gaban jama'a ba. Allah ya saka maka da alheri.

Sai 'yata a fim, wadda yanzu ta zama 'yata a zahiri ma. Yawancin masu kallo ba su san cewa ba a ɗaukar fim bi da bi yadda labari yake tafiya ba. Duk fitowar da ke wuri ɗaya tare ake ɗauke ta, ko a farkon labari take ko a ƙarshe, don a rage kai da kawo da kashe kuɗi. Wannan ne ya sa ranar da na fara aiki aka kwantar da ni a gadon jinya, in yi bankwana da yarinyar da a safiyar nan muka fara gaisawa. Ke ce kika warware mini wannan ƙulli. Tun kafin a kunna fitilu kika jawo kujera kika zauna gefen gadon, kika ce, "Baba, ya jikin?" Daga ranar ba ki sake kirana da wani suna ba, ko ana ɗauka ko an tashi.

Akwai wani alherin da kika yi mini wanda ba zai taɓa fitowa a fim ba, shi ya sa nake so in rubuta shi a nan. Kowace fitowa ana ɗaukarta daga nesa da farko, sannan a matso da kyamara a ɗauki fuskar kowa shi kaɗai. Da aka zo kan fuskata, an riga an gama taki, dare ya yi nisa, kuma kina da ikon ki tafi ki huta wani ya riƙa karanto mini maganganunki daga takarda. Ba ki tafi ba. Kika matse kanki tsakanin ƙafar fitila da bango, daidai gefen kyamara inda idona zai sauka, kika riƙa maimaita maganar da hawaye na gaske duk lokacin da aka ce a sake. Duk wanda ya ga idona ya cika a wannan wuri, ya sani ke nake kallo. Allah ya yi miki albarka, ya ɗaukaka ki fiye da inda kike.

Kafin in shiga, ina zaton fim aikin 'yan wasa ne da mai kyamara. Ashe shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne kacal a kallo, kuma wuni guda cur kan ƙare a kan 'yan shafuka. A cikin wannan wuni, masu haske su ke fara isowa, su ke tafiya a ƙarshe bayan sun naɗe wayoyi. Na gode muku. Na gode wa saurayin da ke kula da kaifin hoto, wanda ya manna mini 'yar alama a ƙasa ya ce nan zan tsaya, don in na gota da rabin taku fuskata za ta dushe. Ya koya mini in riƙa samun alamar da tafin ƙafata ba tare da na duba ƙasa ba.

Mai riƙe sandar makirufo, ɗan uwana, na ga wahalarka da idona. Hannuwa a sama tun daga fara magana har a ce a tsaya, gumi na sauka ta gwiwar hannunka, kana kiyaye kada sandar ko inuwarta ta leƙo cikin hoto. Kai ne ka bayyana mini amfanin allon nan da ake bugawa kafin kowace ɗauka: hoto daban ake naɗarsa, sauti daban, ƙarar bugun ce ke nuna wa mai tacewa inda zai haɗa su. Kuma a wajen maigidanka mai ɗaukar sauti na fara ganin ana naɗar shiru. In an gama fitowa sai ya ce kowa ya tsaya cak, a ɗauki sautin ɗakin ba magana ba motsi, don a cike gurbi da shi a wajen tacewa.

Ƙanwata mai kula da daidaiton fitowa, wato kwantiniti, aikinki ya fi na kowa ba ni mamaki. Da wane hannu na ɗauki kofi, ina ruwan ya tsaya a cikinsa, maɓalli nawa ne a buɗe a rigata, duk suna cikin littafinki da hotunan wayarki. Haka ma Hajiya mai kwalliya. Tunda ba a jere ake ɗauka ba, da safe ina iya zama mai sauran ƙarfi, da yamma kuma ciwo ya ci jikina, ita ce ke riƙe da lissafin yadda leɓena zai bushe da yadda ƙasan idona zai zurma a kowane mataki.

Mai tacewa kuwa ban san shi ba sai ranar kallo. Kimanin shekara ɗari da suka wuce wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna cewa fuska ɗaya tak, in aka sauya hoton da aka jera ta da shi, masu kallo sai su karanta mata wani yanayi daban. A kaina na ga gaskiyar wannan. Akwai inda 'yata ta fita ta ja ƙofa, sai aka nuno ni ina bin ƙofar da kallo, ɗakin kallo ya yi tsit. Wannan kallon na yi shi ne bayan magana ta ƙare, kafin darakta ya ce a tsaya. Mai tacewa ne ya tsinto shi cikin tarin hotuna ya ajiye shi inda ya dace. Da mutane suka zo suna yaba mini wannan wuri, sai na kama hannunsa na ce ga mai aikin. Malam, na gode.

Furodusa da ya yarda a gwada baƙuwar fuska, direbobin da suka yi ta jigilarmu cikin dare, da dattawan 'yan wasan da ba su taɓa nuna mini ni sabon shiga ba ne, Allah ya biya ku.

A gida, uwargida ce ta zama 'yata ta farko. Bayan yara sun yi barci takan riƙe takardun tana karanto maganganun jarumar har na haddace nawa, kuma ita ta riƙe gidan duk tsawon kwanakin da nake dawowa a gajiye. Mahaifiyata ta saurari labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe kafin ta sa albarka, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Shugaban makarantarmu ya ba ni izini, abokan aikina suka raba darussana a tsakaninsu ba tare da ƙorafi ba. Ɗalibaina na ƙungiyar wasan kwaikwayo, na dawo muku da abubuwa da yawa, mu haɗu a zango mai zuwa.

Masu fim ɗin ne za su sanar da ranar fitowarsa, in sun sanar zan sanar da ku. Roƙona ɗaya ne: in kun kalla, kada ku tashi da zarar labari ya ƙare. Ku zauna ku karanta sunayen da ke hawa a ƙarshe, duk ma'aikatan fim ɗin da na ambata suna ciki. Wanda na tsallake bai ji kansa a nan ba, don Allah ya yafe mini. Allah ya bar zumunci, ya sa mu gama lafiya.